Karatu Na Biyu: Tarihin Masu Karanta Ƙagaggun Labaran Hausa Na Farko a Ƙasar Gwandu



Tarihin marubutanmu an sha faɗarsa a wurare irin wannan. Mun san inda aka haife su, da makarantun da suka yi, da shekarun da aka buga littattafansu. Amma shi wanda ya riƙe littafin a hannu, a ina ya same shi, yana ɗan shekara nawa, kuma sau nawa ya karanta shi, wannan ba a cika tambaya ba. Shi nake so mu duba yau, watau mai karatu, musamman mai karatu na wannan yanki namu. Ni haifaffen Dalijan ne, nan cikin ƙasar Gwandu, a can na fara haɗa baƙi da wasali na boko, saboda haka za ku yi mini uzuri idan na riƙa komawa gida don neman misali.

Kafin zuwan boko wannan ƙasa tana da nata tsarin karatu, kuma ginshiƙinsa shi ne maimaici. Ɗalibi yakan ɗauki Ahalari ya gurfana gaban malam a zaure, ya ja baƙi, malam ya fassara masa jimla bayan jimla, ya koma gida ya yi bita. In ya sauke ya wuce Ishmawi, da Iziyya, da Risala, da Askari, har Allah ya kai shi Muhtasar. Ba abin kunya ba ne mutum ya sauke Risala a wurin malami ɗaya, sa'an nan ya naɗe tabarmarsa ya tafi Jega ko Sakkwato ya sake ta tun daga farko a wurin wani. Abin yabo ma ne, domin an san kowane malami da abin da yake gani a cikin littafin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829 aka kuma binne shi a Gwandu, ya rubuta wani ɗan littafi a 1812 mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu, tun daga Ishiriniya da waƙoƙin Shu'ara da ya ɗauka a wurin yayansa Shehu Usmanu. Wannan littafi tarihin mai karatu ne sosai, kuma yana nuna cewa a wurin magabatanmu sunan littafi ba ya cika sai an haɗa shi da sunan wanda aka karanta shi a gabansa. Har yau kowace azumi ana buɗe tafsiri a masallatanmu, tsoho ɗan shekara saba'in ya zauna ya saurari ayar da ya ji fassararta sau hamsin, ba ya cewa ya riga ya san labarin.

A Turai kuwa, wajen ƙagaggun labarai, wahala ce ta koya wa mutane maimaici. Bayan Yaƙin Duniya na Farko wasu marubuta suka ga tsohuwar hanyar ba da labari, wadda take farawa daga haihuwa ta bi shekaru a jere har aure ko mutuwa, ba ta iya ɗaukar duniyar da suka tsinci kansu a ciki. Sai suka karya ta. James Joyce ya fitar da Ulysses a 1922, littafi mai shafi fiye da ɗari bakwai wanda duk abin da ya faru a cikinsa bai wuce na yini ɗaya ba, ranar 16 ga Yuni 1904, a birnin Dabilin. Virginia Woolf ta fitar da Mrs Dalloway a 1925, shi ma yini ɗaya ne a Landan, amma mai karatu yana fita daga zuciyar wannan ya faɗa zuciyar wancan ba sallama. William Faulkner na Amurka, a cikin The Sound and the Fury na 1929, ya danƙa kashin farko na labarin a bakin wani mai taɓin hankali wanda ba ya rarrabe jiya da shekara ashirin da suka wuce. Duk wanda ya taɓa gwada waɗannan littattafai ya san yadda karatun farko yake. Ni kaina sau biyu ina ajiye na Faulkner kafin in kai shafi na arba'in. Wani manazarci Ba'amurke, Joseph Frank, ya nuna tun 1945 cewa Joyce ya warwatsa bayanan labarinsa ne da gangan, yadda mai karatu ba zai iya haɗa su ba sai ya kai ƙarshe ya dawo. Watau littafin da kansa yake tilasta maka ka koma.

Namu littattafan na zamanin nan ɗaya ne da waɗannan, shekara goma sha biyu ce kawai tsakanin Ulysses da Ruwan Bagaja, amma halinsu ya saɓa. Namu masu sauƙi ne, yaro ɗan aji huɗu yana iya cinye ɗaya a dare biyu. Abin da nake son in tabbatar a wannan lacca shi ne, wannan sauƙi shi ya rufe mana ido. Mun karanta su muna yara, muka ɗauka mun gama da su, muka bar su a firamare tare da allo da alli, alhali kuwa rabin abin da ke cikinsu ba yaro aka rubuta wa ba.

Sauƙin yana da dalili a tarihi. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zauna a Zariya, aka sake mata suna Hukumar Talifi a 1933, ƙarƙashin Dokta Rupert East. Matsalar da ke gaban hukumar ita ce, an koya wa yara karatun boko a elemantare amma babu abin karantawa in sun fita. Sai East ya zagaya manyan garuruwa a 1933 yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙirƙira, aka sa gasa. Ya bayyana daga baya, a wata maƙala ta 1936, irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kansu, domin a ganin malamai rubutu na ilmi ne da wa'azi, ƙagaggen labari kuwa tatsuniya ce, aikin mata da yara da dare. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da aka fara bugawa a 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ku lura da shekarun marubutan. Imam, haihuwar 1911, yana da shekara ashirin da biyu, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa, haihuwar 1912, a shekarar gasar ya fito daga Kwalejin Katsina ya kama koyarwa a Bauci. Da yawa daga cikin ɗaliban da ke zaune a nan sun girme su a lokacin. Magana Jari Ce ta biyo baya cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, a shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo.

To, tun ran farko an ɗaura wa waɗannan littattafai sunan littattafan makaranta, kuma da wannan suna suka iso mana. Sun bi elemantare, suka bi azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da hukumar NORLA take buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, har lardinmu na Sakkwato yana da tasa mai suna Zaruma. Bayan an kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966 aka ci gaba da sake buga su, kuma da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976 suka shiga ƙauyukan da ba su taɓa zuwa ba. Malamin zaure bai karɓe su ba, saboda haka ba su sami gadon maimaicin nan ba. Malamin boko ya karɓe su, amma don koyar da ƙa'idar rubutu da cin jarrabawa.

Duk da haka akwai wani irin karatu da aka yi musu wanda babu shi a cikin rajistar kowace makaranta, shi ne karatun tsakar gida. A Dalijan, lokacin da nake aji biyar, littafi ɗaya yakan zagaya gida goma. Bayan sallar lisha a kunna fitilar ƙwai, a ce wa ɗan makaranta ya karanta, mata da yara da wasu tsofaffi su kewaye shi. A nan na fara gane cewa Hausar littafi ba tamu ba ce. Littafi ya ce "suka tafi", ni kuwa bakina ya ce "sunka tahi", domin in na karanta yadda aka rubuta sai a yi ta dariya a ce na zama Bakano. Ashe fassara nake yi ban sani ba, kamar yadda malam yake yi a zaure. Ruwan Bagaja shi ne abin so. In an zo wurin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke rama wa juna tsiya, har maƙwabta sukan leƙo ta katanga.

Wata rana na kawo Shaihu Umar. A gidanmu akwai wata tsohuwa da muke kira Inna, ba ita ta haifi kowa a gidan ba, kuma ni ban taɓa tambayar dangantakarmu da ita ba. Dare na farko ta saurara. Dare na biyu, da aka zo inda uwar Umar ta fita neman ɗanta aka yaudare ta aka sayar, sai ta tashi ta shige ɗaki. Da safe ta kira ni ta ce, "Ɗana, wanda yar rubuta wanga abu, wa yab ba shi labari?" Na ce ai Firayim Minista ne marigayi, ƙagawa ya yi. Ta ce, "Wagga ba tatsuniya ta ba." Ban fahimce ta ba. Ni a lokacin abin da ya dame ni shi ne kurar da ta cinye ɓarawon yaron, da guguwar rairayi da ta binne ayari a Sahara.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu, ina ma'aikaci, na sake buɗe littafin don in taimaki ɗana da aikin makaranta, na tarar da wani littafi dabam. Bari in tuna muku yadda yake. Shaihu Umar malami ne a Rauta kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. An haife shi a Kagara, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Sarki ya tura mutanensa hari, suka kamo bayi, sai fadawa masu hassada suka kai sarar Makau cewa ya ɓoye wasu daga cikin waɗanda ya kama, aka washe gidansa aka kore shi. Cikin wannan rikici aka sace Umar, ya bi hannu hannu har Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilmi. Uwar kuwa ta ƙetare Sahara tana baiwa, ta wahala iyakar wahala, suka haɗu da ɗanta a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta rasu.

Abin da ya fara kama ni a karatu na biyu shi ne Makau, domin a lokacin na riga na ga yadda ake kai sarar mutum a ofis, na ga yadda takarda ɗaya take raba ma'aikaci da kujerarsa. Ina jin ma'aikatan da ke nan ba su bukatar in yi musu sharhi. Amma da na ƙara dubawa sai na ga abin da ya fi wannan nauyi. Zaluncin da labarin ya tsaya a kansa shi ne wanda aka yi wa Makau. Su kuwa mutanen da aka kamo a gonakinsu, labarin bai tsaya ya tambayi sunansu ba, lissafi ne kawai, an kama kaza an ɓoye kaza. Sa'an nan sai marubucin ya juya abin a hankali, cinikin nan da Makau yake ci a cikinsa ya haɗiye matarsa da agolansa. Shi kuma Abdulkarim, mutumin kirki na labarin, mai tsoron Allah, wanda ya mai da bawa malami, sana'ar da ta kawo shi Kano ita ce sayen bayi. Tafawa Ɓalewa bai yi wa'azi a kan wannan ba ko da jimla ɗaya. Ya ajiye abubuwan kusa da juna ya bar su. Wasu manazarta suna ganin wannan shiru rauni ne, cewa littafin ya rufe mugun abu da mayafin ƙaddara da haƙuri. Ni ina ganin saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya ba shi da wata hanya ta faɗin abin a gaban masu sarauta da suke raye, kuma abin da ya ajiye ya isa ga mai ido.

Ku tuna kuma da lokacin. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda suke hannu ba. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Watau an buga Shaihu Umar shekara biyu kafin wannan, lokacin da masu sauraronsa na farko wasunsu bayi ne, wasunsu iyayengiji. Da na tambayi mahaifina labarin Inna, bayan ta daɗe da rasuwa, ya gaya mini cewa uwarta aka kawo daga kudancin Kwara tana goye da ita, kuma ta bar wani ɗa a can wanda ba ta sake jin labarinsa ba. Ita Inna a karatun farko ta ji abin da ni sai da na yi shekara ashirin kafin in ji.

Akwai kuma nauyin da tarihi ya ɗora wa littafin daga baya, wanda marubucin bai sa a ciki ba. Wanda ya karanta shi a 1940 labarin wani malamin makaranta ya karanta. Wanda ya karanta shi bayan Janairu 1966, bayan an kashe marubucin yana Firayim Minista, ba zai iya karanta haƙurin Umar ba tare da tuna ƙarshen mai littafin ba. A shekarar da ta biyo, 1967, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci, a 1976 kuma Adamu Halilu ya mai da shi fim.

Wannan abu na canjin mai karatu ba mu kaɗai ya sama ba, kuma misalin da ya fi shahara a Nijeriya yana da alaƙa da maƙwabtanmu. Joyce Cary Bature ne da ya yi aikin mulki a Bargu, wajen Busa da Kayama, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, kafin ya koma Ingila ya zama marubuci. A 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu baƙar fata a wani gari na Arewa, wanda ya ƙare da roƙon ubangidansa Bature ya harbe shi da hannunsa maimakon a rataye shi. A Ingila da Amurka an yaba littafin ƙwarai. Da aka ba ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan shi, cikinsu har da Chinua Achebe, sai suka ga akawun nan ba mutum ba ne, abin dariya ne da aka ɗinka. Achebe ya sha faɗin cewa yana yaro in yana karanta labaran Turawa a Afirka bayan Turawan yake bi, sai daga baya ya gane ko shi wane ne a cikin labarin. Daga wannan gane kai aka sami Things Fall Apart a 1958, aka kuma sami laccarsa ta 1975 a Amurka inda ya sake karanta Heart of Darkness na Joseph Conrad ya tuhume shi da wariyar launin fata. Har yau ana gardama a kan hukuncinsa, amma babu mai karanta Conrad yanzu kamar yadda ake karanta shi kafin 1975.

Da irin wannan ido ya kamata mu koma wa Ganɗoki, kuma mu mutanen Gwandu mun fi kowa haƙƙi a kansa, domin Nufe da labarin ya ratsa tana ƙarƙashin tutar Gwandu a da. Muna yara Ganɗoki jarumi ne mai kirari, mai sare kawuna, shi ke nan. A karatu na biyu sai ka ga littafin kashi biyu ne da ba su yi kama da juna ba. Kashin farko tarihi ne da za ka iya bi da taswira: faɗuwar Bida da Kwantagora a 1901, zuwan Turawa Sakkwato a Maris 1903, hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, da yaƙin Burmi a Yuli 1903 inda ya yi shahada. Malam Bello Kagara an haife shi wajen 1890, saboda haka waɗannan abubuwa a zamanin ƙuruciyarsa suka faru, a ƙasar da ya tashi. Daga Burmi sai labarin ya bar ƙasa. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka yi gabas, suka shiga duniyar aljanu da dodanni, suna cin garuruwa suna musuluntar da su. Yaro yana ganin nan ne daɗin ya fara. Babba kuwa yana ganin cewa takobin da ya kasa bindiga mai ruwa a Giginya da Burmi ba shi da sauran inda zai yi nasara sai a ƙasar aljanu. A ƙarshe jarumin ya komo gida ya tarar da mulkin Turawa ya zauna, ya yi na'am da shi, ga shi yana ba 'yan makarantar boko labari.

Yaya za mu ɗauki wannan ƙarshe? Wasu sun ce fadanci ne, tun da marubucin malami ne a Kwalejin Katsina kuma Bature ne zai duba rubutun. Wasu sun ce dabara ce, ya biya kuɗin fito a shafin ƙarshe don a bar shi ya yi kirarin mazajen jiya a sauran shafuffukan. Ni ban gamsu da ko ɗaya ba ita kaɗai. Ina ganin zuciyar tsara guda ce aka buɗe mana, tsarar da ta ga an ci iyayenta da yaƙi, ta ga an tuɓe Sarkin Gwandu a 1906 bayan tawayen Satiru, sa'an nan ta shiga aikin En'e tana karɓar albashi, tana alfahari da jiya tana kuma cin abincin yau, ba ta ga saɓani a ciki ba ko kuwa ta gani ta haɗiye. Kakannin da yawa daga cikinmu ke nan. Ban san wata takardar tarihi da ta nuna wannan hali kamar yadda Ganɗoki ya nuna shi ba.

Ruwan Bagaja kuwa, sai wanda ya zauna a zaure zai gane inda ya fito. Imam da kansa ya ambata cewa ya amfana da Muƙamatul Hariri, littafin nan na mutumin Basra da ya rasu a 1122, wanda malamanmu suke karantarwa don lugga. A cikinsa akwai mai ba da labari da wani gwanin baki mai damfara, Abu Zaidi, suna haɗuwa gari gari, kullum Abu Zaidi da sabuwar kama. Haka Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke. Abin mamaki shi ne, littafin da malamai suka ƙi kallo saboda tatsuniya ce, jikan littafin da ke cikin gafakarsu ne. Kuma wanda ya sake karanta shi da girma zai ga cewa yawancin dariyar a kan wa ake yin ta: malaman tsibbu, da alƙalai, da sarakuna masu saurin yarda. Yaro ɗan gidan malamai ne yake tsokanar gidansu. Jiki Magayi ba zan daɗe a kansa ba, sai dai in ce labarin mai kuɗin da ya ƙwace wa saurayi budurwa, da ramuwar da ta ƙare ɗa ya kashe ubansa bai sani ba, ya riga littattafan soyayya na Kano da shekara hamsin.

Su waɗannan littattafan Kano, irin Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu na 1987 da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na 1991, su suka kawo masu karatu na uku, yawancinsu mata, masu saye da kuɗinsu ko haya a kasuwa ba don jarrabawa ba. Yanzu kuma karatun ya koma cikin wayar hannu. A daidai wannan lokaci jami'o'i suka koma wa littattafan farko da bincike, aka bi diddigin labaran Magana Jari Ce har zuwa Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, aikin da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yi fice a kansa. Bincike ne mai amfani, ya kuma rage mana yawan kambamawa. Sai dai na lura wasu ɗalibai sun ɗauke shi a matsayin izinin daina karatu, suna cewa ai kwafe ne. Wanda ya faɗi haka bai ajiye asalin kusa da na Imam ya ga abin da aka zubar da abin da aka ƙara ba, bai kuma tambayi dalilin da ya sa waziri maci amana da aku mai hikima suka zauna daram a fadar Hausa ba.

Kwanan baya na shiga ɗakin karatu na wata makarantar sakandare a wannan yanki, na nemi littattafan nan biyar. Na sami Ruwan Bagaja kwafi biyu, ɗaya babu bango. Na sami Shaihu Umar an yage shafuffukan ƙarshe, daga inda uwar ta isa hannun mai saye na biyu. Sauran uku babu. Abin da ke hannun ɗalibai shi ne 'yan takardun taƙaitawa masu tambaya da amsa, inda aka rubuta jigon kowane littafi cikin layi biyu, na Shaihu Umar aka ce haƙuri. Na roƙi malamin Hausa na wurin ya ba ni aron ajinsa na awa ɗaya, na karanta musu babin harin da babbar murya, da Hausarmu ta nan, kamar yadda nake yi a tsakar gida a Dalijan. Da na gama sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, su mutanen da anka kamo, ina anka kai su?" Na ce mata littafin bai faɗa ba, amma ta je gida ta tambayi kakarta.